Wa Zai Yi Mana Jinya a Lafagu?

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraronmu na Lafagu da Gante, da Illo da Lolo, da Tsamiya da Ka'oje, da Zagga da cikin garin Bagudo, har da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka wajen Segbana da muryarmu ke iskewa, barkanku da war haka. Shirinmu na yau a kan aikin jinya ne, wato aikin nas da ungozomar asibiti: yadda ake shigarsa, inda yake kai mutum, da irin zaman da mai yinsa ke yi. Iyaye, don Allah a kira yara su matso kusa da rediyo, musamman 'yan sakandare. Ku ma kada ku tashi, domin rabin maganar taku ce.

Idan gwamnati ta turo mana ma'aikacin lafiya daga nesa, murna muke yi, mu tarbe shi, mu nema masa ɗaki. Kafin damina ta zagayo sau biyu, sai ka ji yana Birnin Kebbi yana bin takardar canjin wurin aiki. Ni ban ga laifinsa ba. Iyalinsa na can, makarantar 'ya'yansa na can. Nan kuwa ga sauro, ga wuyar hanya idan ruwa ya sauka, ga mara lafiya ta zo tana faɗin ciwonta da Dandanci ko Fillanci ko Kyanganci, shi ko kalma ɗaya ba ya ji. Wanda zai zauna shi ne wanda uwarsa ke nan, gonarsu ke nan. In ba mu tura namu sun koyo ba, ko an gina mana asibiti an shafa masa fenti, mai zama a cikinsa zai ci gaba da yi mana wuya.

Buƙatar kuma ba ƙarama ba ce. A binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a faɗin Najeriya a 2021, an samu ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi. Babu jihar da ta kai mu. Da aka tashi fara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Allurar nan sau huɗu ake yi wa yaro, ba rana ɗaya ba. Sai an samu wanda zai ajiye ta cikin sanyi, ya yi ta daidai, ya rubuta a kati, ya tuna wa uwa ranar dawowa. Mu mazauna bakin kogin Kwara da fadamun shinkafa, da ma can muna zaune da sauro, sai a ƙara da amai da gudawa bayan ambaliya, da sanƙarau lokacin zafi, da haihuwar da ba ta jiran gari ya waye.

To, ta ina ake shiga?

A nan ƙauye duk wanda ya sa farar riga likita muke ce masa, amma yaron da zai zaɓi karatu ya kamata ya san bambancin. Likita daban, karatunsa shekara shida ne a jami'a. Malamin lafiya na karkara, wanda muka fi gani a ƙananan ɗakunan shan magani, shi ma daban, irinsu ne ake horarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega, kuma hukumar da ke ba su lasisi daban take. Nas da ungozoma kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1979. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Wanda ba ya cikin rajistarta ba nas ba ne, ko ya shekara ashirin yana yi wa mutane allura a kyamis.

Abin da ake nema daga ɗalibi shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. A nan ne yaranmu suka fi faɗuwa, kuma ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Yarinya za ta shiga aji huɗu na sakandare, babu wanda ya zaunar da ita ya ce mata in tana son asibiti sai ta ɗauki darussan kimiyya. Ko kuma ta ɗauka, amma makarantar ba malamin Fiziks. Sai ta gama, ta kai takardunta, a ce mata ba su yi ba. Saboda haka, Baba, Inna, shawarar aikin jinya tun daga ajin nan ake yanke ta. Idan makarantar garinku ba malamin kimiyya, ku haɗa kai ku je wurin shugaban makaranta, ku je ofishin ilimi, ko ku haɗa kuɗi a ɗauki mai koyar da yara da yamma. Wanda kuma ya riga ya gama ya rasa darasi ɗaya ko biyu, kada ya ce ƙofa ta rufe. Ya sake zama, a haɗa sakamakon biyu.

Daga nan hanya ta rabu. Akwai kwalejojin jinya, mafi kusa da mu ita ce ta jiha da ke Birnin Kebbi, akwai kuma ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tsohon tsari shekara uku ake yi a fito nas ko ungozoma. Yanzu kwalejojin na komawa tsarin difloma, shekara biyu ƙarama, shekara biyu babba, kuma ta hanyar JAMB ake shiga. Akwai kuma digiri a jami'a, irin na Sakkwato, da na Ahmadu Bello a Zariya, da na Bayero a Kano: shekara biyar, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Gurbinsa ya fi wuyar samu, amma ga mai son koyarwa ko hawa manyan muƙamai nan gaba, ya fi sauƙaƙe masa tafiya.

Hanya ta uku ita ce ta fi kwanta mini a rai saboda ƙauyukanmu. Hukumar ta fito da karatun ungozoma da nas na cikin al'umma, na shekara biyu, wanda aka tsara domin a ɗauko yaro daga karkara, a horar da shi, ya koma ya yi wa mutanensa aiki. Uban da ke jin tsoron 'yarsa ta tafi birni ta ɓace masa, ya dubi wannan. Ku tambaya a kwalejin Birnin Kebbi da sashen lafiya na ƙaramar hukumar Bagudo ko ana ɗauka a bana, da abin da ake buƙata. Wadda ta fara da shi tana iya komawa ta ƙaro karatu daga baya.

Yanzu ga gargaɗi, kuma da mu mutanen kan iyaka nake musamman. Dillalai na yawo suna cewa a kawo kuɗi za su samo wa yaro makaranta a Kwatano, ba JAMB, ba wahala, shekara ɗaya ya dawo da digiri. A Disambar 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya nuna yadda ya samo takardar digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Ba ina cewa Benin ba ta da makarantun kirki ba ne. Tana da su, a Kwatano da Faraku akwai inda ake koyar da jinya da gaske, da Faransanci. Sai dai duk wanda ya karanto a waje, in zai yi aiki a Najeriya, dole ya bi ta hannun hukumar nan, ya yi horon daidaita karatu, ya ci jarrabawarta. Haka kuma a cikin gida akwai makarantun da ke buɗewa a gidan haya, su ɗinka wa yara fararen kaya, su karɓi kuɗin iyaye, alhali hukuma ba ta san da su ba. Kafin ka sayar da buhun shinkafa ko ɗan maraƙi ka biya kuɗin makaranta, sa wani mai waya ya duba maka jerin makarantun da hukumar ta amince da su a shafinta na intanet. In sunan ba ya ciki, riƙe kuɗinka.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ƙannena da ke sha'awar aikin nan saboda farar riga, ku saurara da kyau, ga yadda yake daga ciki.

Asibiti ba ya rufewa, don haka aikin karɓa-karɓa ne: na safe, na yamma, na dare. Na dare ya fi tsawo, galibi daga bayan isha har gari ya waye sosai. Mai shigowa ba ta zama sai mai fita ta zaga da ita gado-gado: wannan an yi masa allurar ƙarfe shida, saura ta sha biyu, wannan ƙarin ruwansa ya kusa ƙarewa, wannan tun la'asar bai yi fitsari ba, a sa ido. Komai a rubuce, domin abin da ba a rubuta ba, a ƙa'idar aikin kamar ba a yi shi ba ne. Ranar Sallah akwai mai aiki. Ranar bikin ƙanwarki, in layinki ne, sai kin samu wadda za ta karɓe ki.

Ku ɗauka ƙarfe biyu na dare ne a watan Agusta, an shigo da yaro ɗan shekara biyu a kan babur, jikinsa zafi rau, yana sassanƙarewa. Nas za ta kwantar da shi a gefensa don kada ya shaƙe, ta hana a cusa masa cokali a baki, ta ba shi maganin tsayar da jijjigar. Ta huda ɗan yatsansa ta ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, cikin minti goma sha biyar a ga ko zazzaɓin sauro ne. Ta buɗe fatar idonsa ta dubi tafin hannunsa: in sun yi fari fat, jini ya yi ƙasa, maganar ƙarin jini ta taso. Sannan ta nemi jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, wani lokaci da hasken tocilan da uban ke riƙe mata. In ta samu ta yi masa allurar atesunet, za a maimaita bayan awa goma sha biyu, a sake a cikon awa ashirin da huɗu. Duk wannan tana yi tana kwantar wa uwar hankali, tana kuma lissafin ko yaron zai iya kwana a nan, ko a nemi mota tun yanzu.

A ɗakin haihuwa abin ya fi haka sauri. Mace ta haihu lafiya, ana barka, sai jini ya ɓalle. Idan ya kai rabin lita an shiga haɗari, kuma irin wannan zubar jinin na iya ɗauke mace cikin awa biyu. Ungozoma za ta dafa cikin ta murza mahaifar har ta yi tauri, ta yi allurar da ke tsuke ta, wadda ba ta da ƙarfi sai an ajiye ta a firji, ta duba ko wani ɓangaren mabiyiya ya saura a ciki, ta ɗaura ƙarin ruwa. Daga Lafagu zuwa babban asibitin da ke da jini a ajiye da ɗakin tiyata ba nan kusa ba ne. Abin da hannun ungozomar nan ya yi a mintunan farko, bayan ikon Allah, shi ke raba jego da zaman makoki. Wannan ne ya sa nake ta naci a kan 'ya'ya mata. Matanmu da yawa sun gwammace su haihu a ɗaki da su buɗe jikinsu gaban namiji, mazansu ma haka suke so. Amma sau da yawa mutumin da ke cewa mace kaɗai za ta duba matarsa, shi ne ya cire 'yarsa daga makaranta. Malam, daga ina macen za ta fito?

Wanda ke tantama ta fuskar addini, ya tuna da Rufaida al-Aslamiyya. Ta kasance tana da tanti a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda take jinyar waɗanda suka ji rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, a tantinta aka kwantar da shi bisa umarnin Annabi. Aure ma ba ya hana aikin, asibitocin Arewa cike suke da matan aure masu goyo. Abin da ake buƙata shi ne a yi maganar tun kafin a shafa fatiha, mijin ya san akwai kwanan asibiti, uwar miji ma ta sani. Samari kuma kada ku ce aikin mata ne. Akwai maza da yawa a ciki, kuma ɗakin maza da sashen gaggawa na neman ku.

Albashi fa? Ana samun na rufin asiri, amma ba aikin tara dukiya ba ne. Asibitocin gwamnatin tarayya sun fi biya, na jiha da ƙananan hukumomi na biye, masu zaman kansu kuwa wasu abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus na aikin dare da na kayan sawa da ƙarancin ma'aikata, ta janye bayan 'yan kwanaki da aka zauna da gwamnati. Akwai kuma haɗari ga jiki: allurar da aka yi wa mai ciwon hanta ta soke ka, ko mai tarin fuka ya yi tari a fuskarka. Duk ɗalibin da zai fara zuwa asibiti ya tabbata ya yi rigakafin ciwon hanta.

Akwai ƙorafin da ban isa in tsallake ba. Mata na cewa wasu ma'aikata na yi musu tsawa a kan gadon haihuwa, wasu na yi wa mutumin ƙauye kallon banza. Yana faruwa. Gajiya na da hannu a ciki, mutum ɗaya a kan gado ashirin, amma gajiya ba hujjar wulaƙanci ba ce. Macen da aka zaga a haihuwar fari ba za ta koma a ta biyu ba, kuma sai ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta. Ɗiyata, in Allah ya ba ki wannan aiki, wadda ke kwance gabanki gwaggon wani ce, gobe taki ce. Mu ma masu kai marasa lafiya mu ji tsoron Allah: ba nas ce ta hana a kawo magani ba, ba ita ta ɗauke wuta ba, kuma zagi da duka ba sa tayar da wanda kwanansa ya ƙare.

Shin wanda ya zama nas shi ke nan, sai allura da awon zafin jiki har ya yi ritaya? A'a. Bayan ya yi aiki na ɗan lokaci yana iya komawa ya ƙware a fanni guda, yawanci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai son ƙashi ya nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, mai son ido ya nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mai son kula da masu taɓin hankali ga asibitin Kware kusa da Sakkwato. Akwai jinyar jarirai, da ɗakin tiyata, da wankin ƙoda. Wanda zan ja hankalinku a kai shi ne fannin sa barci kafin tiyata. A asibitocin karkara da dama nas ne ke wannan aiki, in babu shi kuwa likita na tsaye da wuƙa amma ba halin ciro jaririn da ya maƙale. Doguwar naƙuda irin wannan ce ke kai 'yan mata cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi. Ɗan Bagudon da ya karanto wannan fanni ya dawo, ya yi wa yankin nan babban gata.

Bayan asibitin gwamnati akwai koyarwa a kwaleji, akwai aikin soja da sauran masu kayan sarki, akwai ƙungiyoyin agaji irin MSF da ke jinyar yara masu tamowa a Maiyama. Akwai kuma ƙasashen waje, na san samari da yawa can hankalinsu yake. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya ya ce ma'aikata 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Mai son Ingila sai ya ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwaji a aikace bayan ya isa can. Amurka na da tata, Saudiyya ma haka, kuma duk sai da lasisin gida mai kyau. Ba zan ce wa kowa kada ya nemi arzikinsa ba. Amma wanda garinsu ko ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin karatunsa bisa alkawarin zai dawo, ya cika alkawarin tukuna. Bashi ne.

Mu ma da namu nauyin. Hakimai da dagatai, limamai, 'yan kasuwar Tsamiya da Lolo, manyan manoman shinkafa: yaro ɗaya daga kowace mazaɓa, a haɗu a ɗauki nauyinsa, bai fi ƙarfinku ba. In ya dawo kuma a sama masa ɗaki kusa da asibiti, a tanadi masu gadi da dare, domin a halin tsaron da ake ciki ba macen da za ta kwana ita kaɗai a ginin bayan gari. Shugabannin ƙaramar hukuma da na jiha, ku ɗauke su aiki in sun gama. Babu abin da ke kashe wa iyaye gwiwa kamar su ga 'yar maƙwabci ta gama da lasisi a hannu, tana aikin sa-kai shekara da shekaru ba albashi.

'Yan aji uku masu shirin shiga aji huɗu, gobe ku je wurin malaminku ku ce ajin kimiyya kuke so. Waɗanda suka gama, ku ɗauko sakamakonku yau da dare ku ƙirga darussan nan biyar. In sun cika, ku nemi lambar NIN tun yanzu, domin ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma fom ɗin a farkon shekara yake fitowa. Ku tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a kan kowace takarda. A nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)